Ciwon Baya Mai Daɗewa: Komawa Aiki Sannu-Sannu

  

Darasinmu na yau a kan ciwon baya ne, wanda waɗansu ke kira ciwon ƙugu ko ciwon kwankwaso. Kowa ya san shi. Manomi ya san shi wajen noma da ɗaukar dami. Mai haƙar aya ya san shi. Mace ta san shi wajen daka da jan guga da goyo. Sau da yawa yakan zo ya wuce cikin ƴan makonni. Amma akwai wanda ke zama. In ciwo ya wuce wata 3 bai tafi ba, likitoci suna kiransa ciwon baya mai daɗewa. Shi ne za mu yi magana a kansa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Magidancin da ciwon baya ya kwantar da shi a farkon damina, gonarsa ciyawa za ta cinye. In gona ta lalace, rumbu ba zai cika ba. Kuma ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon baya a duniya. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aikinsu.

DA FARKO, A JE GIDAN LIKITA

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kafin ka gwada kome daga cikin abin da za mu faɗa, je ka likita ya duba ka. Ciwon baya iri-iri ne. Cikin mutum 10 masu ciwon baya, wajen 9 ba a samun wata muguwar cuta a jikinsu. Amma akwai kaɗan da ciwonsu alama ce ta wata cuta dabam. Ga alamomin da ba a jira da su:

1. Zazzaɓi tare da ciwon baya, ko gumin dare, ko rama ba dalili.
2. Tari mai daɗewa, ko ƙusumbi da ya fara fitowa a gadon baya. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani a asibiti.
3. Ƙafa ta mutu, ko ƙarfinta yana raguwa, ko mutum yana jan ta.
4. Fitsari ko bayan gida ya riƙe, ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi.
5. Ciwon ya fara bayan faɗowa daga itace, ko daga amalanke, ko haɗarin babur.
6. Jini cikin fitsari, ko zafi wajen fitsari.
7. Ciwon da ke ƙaruwa kullum, ba ya sauƙi ko da an kwanta, har yana hana barci.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi gidan likita mafi kusa ba da ɓata lokaci ba. Alama ta 3 da ta 4 kuwa, a tafi a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin Maradi. Mace mai ciki ita ma ta faɗa wa ungozomar asibiti wajen awo.

To, in likita ya duba ka ya ce babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka gode Allah. Sauran darasin naka ne.

ME YA SA KWANCIYA BA TA WARKARWA?

Bayan mutum abu ne mai ƙarfi. A ƙugu akwai manyan ƙasusuwa 5, ɗaya bisa ɗaya. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai kama da gammo, wanda ke hana su gugar juna. Jijiyoyi sun ɗaure su, tsokoki sun kewaye su. Allah ya yi wannan wuri don ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ɗauki kaya.

Ka dubi ƙyauren ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ran da aka zo buɗewa sai ya cije, yana ƙara. Ka dubi keken da aka jingine shekara guda. Haka jiki yake. In mutum ya daɗe a kwance, tsoka takan saki, gaɓoɓi su sandare, numfashi ya gajarta. Ran da ya tashi ya taɓa ɗan aiki, sai ya ji ciwo fiye da dā. Sai ya ce: "Ashe ban warke ba." Sai ya koma tabarma. Kwanciya ta kawo rauni, rauni ya kawo ciwo, ciwo ya sake kawo kwanciya.

A dā likitoci da kansu suna cewa mai ciwon baya ya kwanta kwana da kwanaki. Daga baya aka gwada aka gani. A shekarar 1986, a Amurka, wani likita mai suna Richard Deyo da abokan aikinsa suka raba masu ciwon baya kashi biyu. Kashi ɗaya aka ce su kwanta kwana 2, ɗaya kashin kwana 7. Masu kwana 7 ba su fi samun sauƙi ba, masu kwana 2 kuwa sun riga su komawa aiki. A shekarar 1995, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka sake gwadawa. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawarsu, su ne suka fi saurin warkewa, sun fi waɗanda aka kwantar.

CIWO DA ƁARNA BA ƊAYA BA NE

Ga abin da ya kamata ka riƙe. Ciwo kamar karen gadi ne. In ɓarawo ya shigo, kare ya yi haushi, ya yi aikinsa. Amma akwai karen da tun ran da aka yi sata a gidan, ko akuya ta gilma sai ya yi haushi. Haushin gaskiya ne, kowa yana jin sa, amma babu ɓarawo.

Haka ciwo mai daɗewa yake sau da yawa. Wurin da ya ji rauni da farko ya riga ya haɗe, amma jijiyoyin da ke kai labari ga ƙwaƙwalwa sun zama masu saurin firgita. Ciwon da kake ji gaskiya ne, ba ƙarya kake ba, ba lalaci ba ne. Sai dai ba kowane ciwo ke nufin wani abu yana karyewa ba. Rashin barci da damuwa da tunanin bashi su ma suna ƙara wa karen nan haushi.

RAMI BIYU

Mai ciwon baya yakan faɗa ɗayan rami biyu.

Rami na farko shi ne tsoro. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutum ya duƙa ya ɗauki buhu, bayansa ya riƙe. Tun daga ranar ya daina duƙawa. Ya daina ɗaukar ko da buta. Ya daina zuwa kasuwa. Duniyarsa ta koma daga ɗaki zuwa gindin bedi.

Rami na biyu shi ne wuce gona da iri. Wannan ya fi yawa a karkara, don aiki ba ya jira. Mutum ya tashi yau da sauƙi, sai ya ce bari in rama kwanakin da suka wuce. Ya yi noma tun hantsi har la'asar. Gobe ba ya iya tashi. Kwana 3 yana kwance. Ran na huɗu ya sake yin haka. In ka lissafa, aikin da ya yi a mako bai kai na wanda ke yin kaɗan-kaɗan kullum ba.

Akwai hanya biyu da masana suka tsara don fita daga waɗannan ramuka.

HANYA TA FARKO: AIKI DA MA'AUNI

Wannan hanya ta samo asali daga wani masani a birnin Siyatil na Amurka, mai suna Wilbert Fordyce, wanda ya rubuta littafi a kanta a shekarar 1976. A shekarar 1992 aka ba da sakamakon gwajinta a ƙasar Suwidin, tsakanin ma'aikatan kamfanin motoci na Volvo da ciwon baya ya hana su aiki. Waɗanda suka bi ta sun riga sauran komawa bakin aikinsu.

Ku da kuke horar da shanun noma kun san sirrin. Ba a ɗaura wa ɗan sa garma ran farko. Sai ya saba da igiya, sa'an nan karkiya, sa'an nan ya ja gungume, sa'an nan amalanke ba kaya. Kowane mataki yana da kwanakinsa. Bayanka ma haka yake so.

Ka'idar ita ce: lissafi ne zai tsai da kai, ba ciwo ba. A nan ne karatunka zai yi maka rana. Ɗauki littafinka da fensir.

Mataki na 1. Zaɓi aiki guda. Mu ce tafiya a ƙasa.

Mataki na 2. Auna kanka kwana 3. Kowace rana ka yi tafiya har ka ji ya kamata ka tsaya. Dubi agogo ko wayar hannu, ka rubuta. Misali: Asabar minti 12, Lahadi minti 8, Litinin minti 10.

Mataki na 3. Tara su: 12 da 8 da 10, 30 ke nan. Raba gida 3, ka sami 10. Wannan shi ne ƙarfinka na yanzu.

Mataki na 4. Fara ƙasa da haka. Rage 2, ka fara da minti 8. Don me? Don ka tabbata za ka iya ko ran da ba ka jin daɗi.

Mataki na 5. Yi minti 8 kullum. Ran da ka ji garau, ka tsaya a 8, kada ka ƙara. Ran da jiki ya yi nauyi, ka yi ƙoƙari ka cika 8 ɗin, ko da sannu-sannu.

Mataki na 6. Bayan kwana 3 ko 4, ƙara minti 1. Ka rubuta tsarin tun kafin ka fara: 8, 9, 10, 11, 12. In ka bi haka, cikin wata 2 za ka wuce minti 20.

Wanda ba shi da agogo ya ƙirga wani abu. A gona, ƙirga kunya ko layin shuka: yau layi 4, ka miƙe, ka huta kaɗan, ka sake 4. A rijiya, ƙirga guga. A turmi, ƙirga tiya: maimakon ki dake tiya 3 a tsaye guda, ki daka 1 da safe, 1 da hantsi, 1 da yamma. Wajen ɗaukar ruwa, ki tuna lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Bido mai lita 25 kilo 25 ne. Ki fara da lita 5, sa'an nan 10, sa'an nan 15. Gara sawu biyu da rabin bido, da sawu guda da kwana 3 a kwance.

Ka huta don lokacin hutu ya yi, ba don ciwo ya kayar da kai ba. Wannan shi ne bambancin.

HANYA TA BIYU: TUNKARAR ABIN TSORO

Wani yana iya tafiya har kasuwa, amma ko an biya shi ba zai duƙa ya ɗauki kwando ba. Wannan matsalarsa tsoro ce. Masana biyu, Johan Vlaeyen da Steven Linton, sun yi bayanin wannan a shekarar 2000: mutum ya ɗauka ciwo alamar ɓarna ce, sai ya ji tsoro, sai ya guje wa motsi, sai jiki ya ƙara rauni. A birnin Mastirik na ƙasar Holan, Vlaeyen da abokan aikinsa sukan nuna wa majiyyaci hotunan ayyukan yau da kullum, shi kuma ya jera su daga wanda bai ji tsoro ba zuwa wanda ya fi tsoro. Sa'an nan su bi su ɗaya bayan ɗaya tare da shi.

Kai ma kana iya yin tsaninka a littafi. Rubuta ayyukan da ka bari saboda tsoro. Ba kowanne lamba daga 0 zuwa 10. 0 babu tsoro, 10 tsoro matuƙa. Misali:

Ɗaukar buta daga ƙasa: 2
Shara da gajeriyar tsintsiya: 4
Ruku'u da sujada a tsaye: 5
Hawan keke: 6
Noma da gajeriyar hauya: 8
Ɗaukar dami: 10

Nuna wa ma'aikacin lafiya wannan tsani, ya gaya maka ko akwai abin da bai dace da kai ba. Sa'an nan ka fara daga ƙasa.

Kafin ka yi, rubuta abin da kake zaton zai faru. Misali: "In na duƙa na ɗauki buta, bayana zai riƙe, ba zan iya miƙewa ba." To, duƙa ka ɗauka, kana numfashi yadda ka saba, ba tare da ƙanƙame jiki ba. Sa'an nan rubuta abin da ya faru da gaske: "Na ji ɗan zafi, na miƙe, ya wuce." Karanta layi biyun. Ka ga bambanci? Maimaita yau, maimaita gobe, a ɗaki, a tsakar gida, a gona. In lambar tsoro ta sauko zuwa 1 ko 0, hau mataki na gaba.

Game da salla, addini ya yi sauƙi, mara lafiya yana salla a zaune. Wanda likita ya ce bayansa ba shi da haɗari, yana iya fara gwada tsayuwa da raka'a 2, sauran a zaune, har jiki ya saba.

Wace hanya ta fi? Da aka gwada su gefe da gefe a Holan, aka ga duka biyu suna taimaka wa mutum ya koma harkokinsa, ta biyun kuma ta fi rage tsoro. Gaskiyar da za mu gaya muku ita ce: waɗannan hanyoyi ba sihiri ba ne. Ba kowa ciwonsa ke tafiya ɗungurungum ba. Abin da aka fi samu shi ne ciwo ya ragu, ƙarfi ya dawo, mutum ya koma gonarsa da kasuwarsa. Duk wani motsa jiki da mutum zai iya dawwama a kansa yana da amfani.

IN CIWO YA TASO FA?

Zai taso wata rana, kada ka yi mamaki. Ɗan ƙarin ciwo wanda ya lafa kafin gobe ba kome ba ne, jiki ne ke sabawa, kamar tsamin jikin ranar farko ta noma. In ya wuce kwana 2 bai lafa ba, ka yi gaggawa ke nan. Koma baya mataki guda, kada ka koma tabarma. Gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Yi ƴar tafiya a tsakar gida. In kuwa ɗaya daga alamomin nan 7 ta bayyana, ka dakata ka tafi likita.

MAGANA A KAN MAGUNGUNA

A watan Disamba na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa. Ta goyi bayan ilimantar da majiyyaci, da motsa jiki, da tausa, da taimakon rage tsoro da damuwa. Ba ta goyi bayan yawo da ɗamarar ƙugu ba, ko jan baya da na'ura, ko ƙwayoyi masu sa maye irin su tramol.

Ƴan'uwa matasa, ku ji wannan da kyau. Tramol yana ɓoye gajiya, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa. Daga baya jiki ya saba, ba a iya bari, wani har farfaɗiya. Ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla su ma, in an daɗe ana sha, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Magani sai wanda likita ya rubuta, kuma na ƴan kwanaki.

AIKIN IYALI

Mai ciwo ba zai iya shi kaɗai ba. Kada ku ce masa rago. Kada kuma ku hana shi taɓa kome don tausayi. Ku tambaye shi: "Yau minti nawa ka yi?" Ku yaba masa in ya cika.

Maigida, in uwargida ce ke ciwo, ka sani ita ba ta da ranar hutu. Ba za ta iya rage tiya ko lita ba sai wani ya ɗauki sauran. A kai hatsi inji in da hali. Samari su ɗebo ruwa da amalanke. Aikin da ya fi ƙarfin gida, a kira gayya. Wata 2 na taimako ya fi shekara ta jinya.

Kuma kada a jira ruwan shuka. Rani shi ne lokacin farawa. Wanda ya fara lissafinsa bayan an gama kai amfanin gona gida, yana da watanni a gabansa kafin a ɗauki sungumi. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKIN AJI

1. Wata mata ta ja guga 6 ran Talata, 9 ran Laraba, 6 ran Alhamis. Tara su, ka raba gida 3. Da guga nawa ya kamata ta fara?
2. Rubuta alamomi 3 da ke sa a tafi likita ba jira.
3. Ku tattauna da malaminku: a garinku, wane rami mutane suka fi faɗawa, tsoro ko wuce gona da iri?
4. Karanta wa wani mai ciwon baya wannan darasi, ka taimake shi ya rubuta ma'auninsa na kwana 3.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Ku huta lafiya.